Kafin A Ɗaure Kaya

Iyayenmu, malamai da 'yan'uwa, labari ya iso mana nan Beri cewa wasu 'ya'yanmu da ke Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko suna tattara kaya, wai za a raba ƙasa. To, ba yau aka fara ba. Iyayenmu sun ji "araba" a 1966. Mu kuwa da idonmu muka ga 1993, bayan Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni. Manyan motoci suka yi ta haurowa ta gadar Jebba da Mokwa zuwa Kwantagora, maƙil da mata da yara, har da katifu. Tsoro ya sa muka karyar da rumfa da huhunan goro a kuɗin banza. Da ƙura ta lafa muka koma, wallahi sai muka tarar da wani zaune a ciki, mu ne 'yan haya.

Don haka wanda zai taso, ya fara turo iyali. Takardar rumfa ya riƙe abarsa, kada ya sayar. Bashi kuwa a rubuta gaban shaidu biyu, kamar yadda aka koya mana a Islamiyya. Masauki a nan, ƙungiya ta ɗauki nauyinsa. Wassalam.