Lacca a Kan Soket Mai Makunni da Yadda Ake Binciken Illarsa

 

Abin da aka nemi in yi bayani a kansa yau bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da gobara ta ci, ya ga baƙin tabo ya taso daga bango ya hau har rufi, ya san cewa ya cancanci a zauna a yi nazarinsa da natsuwa. Soket ɗin da muka fi amfani da shi a Nijeriya, mai ramuka uku da makunni a gefe, daga Ingila muka gaje shi, inda aka kafa ƙa'idarsa a 1947, kuma iyakar abin da yake ɗauka amfiya 13 ne a kan bolt 230, wato kimanin wat 3,000. Akwai kuma wanda makunninsa ke nesa da shi a jikin bango, kamar na na'urar sanyaya ɗaki da na hitar ruwan wanka.

Idan soket ya ƙi ba da wuta, wajibi ne mai bincike ya bi tartibi, ya fara da mafi sauƙi. Ya jona wata fitila wadda ya tabbata tana aiki, domin galibi laifin yana ga filogin kayan, fis ɗin da ke cikinsa ne ya ƙone. Ya duba sauran soket na ɗakin, sa'an nan ya je akwatin bureka ya ga ko wani ya faɗi, ya kuma tuna cewa a gidan da ke da layi uku, layi ɗaya kan ɗauke alhali biyun suna nan, ko a bar canji-oba a ɓangaren janareta.

Sai an ƙare wannan duka ake maganar kwance soket, kuma a nan ne nake roƙon ku ba ni hankalinku, domin a nan ake rasa rai. Wayoyi uku ne ke shiga bayansa: mai wuta, wadda ja ce a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo, mai mayarwa, baƙa ko shuɗiya, da ta ƙasa, koriya ko koriya da rawaya. Ƙa'ida ita ce makunni ya yanke wayar mai wuta. To, idan wanda ya yi wayarin gidan, saboda gaggawa ko ƙarancin ilmi, ya musanya su, har makunni ya zama mai mayarwa yake yankewa, kayan za su mutu idan an kashe, kowa ya ɗauka komai daidai ne, alhali wutar tana nan kwance a cikin ramin tana jiran yatsa. Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe tsakanin zato da yaƙini, kuma kashe makunni zato kaɗai yake bayarwa. Yaƙini ba ya samuwa sai an sauke babban bureka, an kashe janareta da inbata, an gwada tasta a wurin da aka san akwai wuta don a tabbata tana da lafiya, kafin a ɗora ta a kan kowace waya. Amfiya ɗaya in an kasa ta dubu, kashi 30 kacal na iya rikita bugun zuciya, shi ya sa aka ƙera bureka mai kare rai ya faɗi a daidai wannan miƙidari.

Tastar ma ba a sakin jiki da ita ɗungurungum. Idan wayar mayarwa ta tsinke a hanya, kuma akwai wani abu a jone a kan layin, sai ka ga ƙwanta ya kama a ramuka biyu, kayan kuwa ba su motsa ba, mutum ya yi ta canja makunni a banza.

Da an buɗe, hanci kan riga ido gane illa: ƙaurin roba, launin toka-toka a bakin rami, tagulla da ta yi baƙi. Sababin wannan mafi yawa noti ne da ya saki, domin inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa, musamman in an ɗora dutsen guga da hita a kan soket guda. Makunnin da ke ƙara tsit-tsit, ko ya yi laushi a ƙarƙashin yatsa, ya ƙare aikinsa, sai a sauya shi da mai inganci, kuma ban yarda da masu ɗaure fis da zaren waya ba ko kaɗan, domin sun cire mai gadi ne sun bar ƙofa a buɗe.

Kiyaye rai yana daga cikin manyan manufofin shari'a, gidan kuma amana ne a wuyan maigida. Saboda haka ina roƙonku, iyayena da 'yan'uwana, wanda ya ga bureka yana ta faɗuwa bayan an tayar da shi, ko ya ji bango ya ɗau zafi, ya sauke wutar gidan, ya kira ƙwararren mai gyaran wuta, ya kuma biya shi hakkinsa cikakke.