'Yan Jaridar Habasha: Ina Amanarsu Take?



Mun zaɓi mu yi magana yau a kan 'yan jaridar Habasha, domin tambayar da ta raba kawunansu ba baƙuwa ba ce a wurinmu: wanda gwamnati ke biyan albashinsa, amanar wa ya ɗauka, ta mai biya ko ta jama'a?

Manyan jaridun ƙasar a inuwar fada suka tashi. Addis Zemen, ta harshen Amharik, ta fara fitowa a 1941, zamanin Sarki Haile Selassie, sai Ethiopian Herald ta Ingilishi a 1943. Mulkin sojan Derg, daga 1974 zuwa 1991, ya ƙara tsuke bakin kowa. Sai a 1992 doka ta buɗe ƙofa ga jaridu masu zaman kansu.

Tun daga lokacin sana'ar ta dare gida biyu. Da yawa daga ma'aikatan kafofin gwamnati suna ɗaukar kansu abokan raya ƙasa: su ba da labarin madatsun ruwa, hanyoyi, makarantu da amfanin gona, su guji abin da zai tada ƙura. Kada mu yi gaggawar raina su. A ƙasar da ta ɗanɗana yunwar 1984, labarin noma ba ƙaramin labari ba ne. Illar ita ce shirun da suke yi idan mahukunta sun kauce. Ɗaya ɓangaren kuwa suna ganin aikinsu sa ido ne a kan masu mulki, ko da yake wasunsu sun zarce har aka kasa bambanta su da 'yan adawa. Bayan zaɓen 2005 an kulle editoci da dama, kuma dokar yaƙi da ta'addanci ta 2009 ta zama igiyar ɗaure masu alƙalami.

A nan ne labarin ya taɓa mu. A 2011, Reeyot Alemu malamar Ingilishi ce a makarantar sakandare a Adis Ababa, tana kuma rubutu a jaridar Feteh. An kama ta a Yunin 2011, aka yanke mata shekara 14, daga baya aka rage zuwa 5. Tana kurkukun Kaliti hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabon 'yancin jarida ta 2013. Ba ta fito ba sai a Yulin 2015.

Da Abiy Ahmed ya hau mulki a 2018 an saki ɗaurarru, har Adis Ababa ta karɓi baƙuncin bikin Ranar 'Yancin Jarida ta Duniya a 2019. Murnar ba ta daɗe ba. Yaƙin Tigray ya ɓarke a Nuwamban 2020, kame ya dawo, kuma wata sabuwar ɓaraka ta fito fili: kafofin yankunan Oromiya, Amhara da Tigray kowace ta koma kare mutanenta, har ya zama kafin a karanta rahoto sai an duba sunan wanda ya rubuta shi.