Aikin Shugaban Sashe a Makarantun Koyon Sana'a



Jawabin yau ya shafi wani ma'aikaci da ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa ingancin ilmin sana'a a ƙasar nan yana wuyansa. Shi ne babban malamin da aka ɗora wa shugabancin sashe a kwalejin fasaha, ko sashen kafinta ne, ko na gini, ko na lantarki, ko na walda, ko na gyaran mota, ko na ɗinki.

Tun a shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta ba koyon sana'a muhimmanci. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar kula da ilmin fasaha, wato NBTE, mai hedkwata a Kaduna. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta sayo injuna daga ƙasashen waje domin ƙananan makarantun sakandare. Amma a makarantu da dama injunan nan sun yi shekaru cikin akwatunansu, saboda rashin ɗakin aiki, da rashin wutar lantarki, da ƙarancin malaman da suka san yadda ake sarrafa su. Darasin da ƙasa ta koya shi ne, inji ba ya koyar da yaro. Malami ke koyarwa, shi kuma sabon malami yana bukatar na gaba da shi ya kama hannunsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Yaron maƙeri da zuga yake farawa, yana kallon hannun maigidansa, kafin a ba shi guduma. Sarkin Maƙera da Sarkin Magina kuwa su ke tsare mutuncin sana'a, su tsawata wa mai ha'inci. Irin wannan nauyi ne ke kan shugaban sashe a makaranta.

Aikinsa na farko shi ne shiga ɗakin aiki ya ga darasi da idonsa, domin gani ya kori ji. Malami na iya cika allo da zanen yadda ake haɗa wayar lantarki, har zango ya ƙare ɗalibi bai taɓa riƙe waya ba. Shugaba nagari yana lura da yawan lokacin da aka yi ana bayani, da wanda ɗalibai suka yi suna aiki da hannunsu. In ya ga kuskure, ba ya kunyata malami a gaban yara. Sai an tashi ya keɓe da shi, ya fara da abin da ya yi daidai, sa'an nan ya nuna masa gyara ɗaya ko biyu, ya kuma sa ranar da zai komo.

Na biyu, yana haɗa malamai su amfani juna. Wanda ya fito daga Kwalejin Horon Malaman Fasaha ta Akoka a Legas, wadda aka kafa a 1967, ko ta Gombe, wadda aka kafa a 1977, ya san dabarun tsara darasi. Wanda ya shekara goma a masana'anta kuwa ya san sirrin aiki, amma sau da yawa ba ya iya rarraba shi daki-daki yadda yaro zai gane. In shugaba ya sa su shirya darasi tare, kowanne ya cike gibin ɗan'uwansa.

Na uku, shi ke tsare lafiya da kayan aiki. Shi zai tabbatar ba a yi walda babu gilashin kare ido ba, ba a kuma kusanci inji da babbar riga ba. Shi ke riƙe da littafin kaya, ya san zarto nawa da sifana nawa aka fitar, nawa suka komo, ya nemi katako da ƙarfe tun kafin zango ya kama.

Na huɗu, yana sada makaranta da masu sana'a na gari. Motocin yau da na'ura ake gano cutarsu, gidaje da yawa kuma sun koma wutar sola. Malamin da ya tsaya kan abin da ya koya shekara ashirin da suka wuce zai yaye ɗaliban da kasuwa ba ta bukata. Saboda haka shugaba kan shirya wa malamansa zuwa gareji ko masana'anta lokacin hutu, ya kuma gayyato ƙwararru su nuna aiki a makaranta.

Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana jarraba ɗalibai a rubuce da kuma a aikace. Amma jarrabawar ƙarshe tana hannun mai ba da aiki, ranar da ya miƙa wa saurayi ko budurwa kayan aiki ya ce a gyara masa. Wanda ya kasa a wannan rana, takardar shaida ba za ta ciyar da shi ba.

Don haka ana kira ga shugabannin makarantu su zaɓi shugaban sashe bisa ƙwarewa da halin kirki, su kuma rage masa yawan darussa domin ya sami sukunin duba na ƙasa da shi. Ku kuma iyaye, in kun ziyarci makaranta, ku nemi a nuna muku abin da ɗanku ko 'yarku ta ƙera da hannunta.

Allah Ya taimaki Nijeriya. Wassalamu alaikum.