JAWABIN KWAMITIN ILIMI: KIRA GA 'YA'YANMU ZUWA KOYON LIKITANCI

 Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu wannan biki na cikar ikkilisiyarmu shekara 50. An ba mu dama mu yi magana a kan makarantar likitanci ta Jami'ar Bingham, da dalilin da ya sa muke so 'ya'yanmu su nemi shiga.

Bari mu fara da tuna baya. A 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasarmu. A 1894 ciwo ya ɗauke Gowans da Kent, Bingham kuwa ya koma gida. Daga nan 'yan mishan suka gane cewa wa'azi da magani tare za su tafi. Dokta Andrew Stirrett ya zo a 1902, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani, ya yi hidima har mutuwarsa a Jos a 1948. A 1959 mishan ta SIM ta buɗe asibitin Evangel a Jos, wanda dukanmu muka sani da suna Jankwano. Iyayenmu da yawa sun ji bishara ne suna zaune a layin karɓar magani.

Wannan Jankwano shi ne ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, wadda ECWA ta kafa a Karu a 2005. Nufin makarantar shi ne ta horar da likita mai gwaninta, mai tsoron Allah, wanda zai duba Kirista da Musulmi, mai kuɗi da talaka, da ido ɗaya. A asibitin nan akwai sashen gyaran mata masu yoyon fitsari. Ɗalibin da ya ga mace ta zo da kunya ta koma gida a warke, ya san abin da ake nufi da kira.

Matasa, ku ji da kyau. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistri da Bayoloji, sa'an nan maki mai kyau a JAMB. Karatun shekara 6 ne. Ana farawa a Karu, a ƙarasa a gefen gadon marasa lafiya a Jos. Bayan haka akwai shekara 1 ta sanin makamar aiki, da shekara 1 ta bautar ƙasa. Hanyar tana da tsawo, amma Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu sun bi irinta, ba su kuwa fi ku kai ba. 'Yan mata, wannan kira naku ne ku ma, gama akwai iyaye mata da ba za su faɗi damuwarsu ba sai ga mace 'yar'uwarsu.

Iyaye, ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin makarantar yana da nauyi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon Dattawa su buɗe asusun jubili domin ɗalibin likitanci, kowane gida ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, ko da buhun masara ne bayan girbi.

Wanda kuma ikkilisiya ta ɗauki nauyinsa, kada ya manta. Likitoci da yawa suna tafiya Ingila da Amurka, alhali a ƙauyukanmu mace mai naƙuda tana mutuwa a kan hanya. Idan baƙi sun bar ƙasarsu suka mutu a tamu, mu ma sai mu zauna mu yi wa namu hidima.

Ubangiji ya ta da likitoci daga cikin wannan ikkilisiya. Amin.