Masauki a Birnin Paris: Shawara ga Matasa



A Paris, matashi na iya ƙarar da guzurinsa a kan wurin kwana tun kafin ya ga hasumiyar Eiffel. Birnin ya kasu gunduma 20, kuma kuɗin ɗaki ya fi tsada a tsakiya, kusa da kogin Seine. A gundumomin arewa maso gabas, irin su ta 18 da 19 da 20, abin ya fi sauƙi, ga kuma jirgin ƙasa na Metro da ke kai mutum ko'ina. A ta 18 ɗin ne ma kasuwar Château Rouge take, inda za a samu kuɓewa da busasshen kifi.

Mafi araha shi ne masaukin matasa, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin mutum huɗu ko shida. A nemi mai akwatin ajiya, a tafi da kwaɗo, a kulle fasfo a ciki. 'Yan mata su tambayi ɗakin mata zalla, da yawa suna da shi.

Hattara da 'yan damfara a intanet. Dokar birnin ta wajabta wa mai ba baƙi hayar gida na 'yan kwanaki ya sa lambar rajista a tallarsa. In babu lambar, ko aka ce a turo kuɗi kafin a ga shaida, a janye jiki.

Iyaye, kada ɗanku ya hau jirgi sai kun riƙe adireshin masaukinsa. Lambar gaggawa a can 112 ce. Allah ya kiyaye hanya.