Jawabi Ga Samari Masu Niyyar Kafa Kamfanin Fasaha



Abin da zan yi muku magana a kansa yau shi ne sana'ar kafa sabon kamfani na kayan kwamfuta da intanet, da sayad da kayansa a ƙasashen waje, da kuma koyad da wannan sana'a a makarantu. Da yawa daga cikinku suna da wannan niyya, waɗansu ma har sun fara neman jari wurin iyaye da dangi. Tun da yake dukiyar mutane ce za ta shiga ciki, ya kamata ku ji labarin waɗanda suka riga ku.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Steve Blank, an haife shi a 1953. Ya fara da gyaran na'urori a rundunar sojan sama ta Amurka. A 1978 ya isa Kwarin Silikon, watau wani yanki na jihar Kalifoniya inda kamfanonin kwamfuta suka taru. Cikin shekara 21 ya yi aiki a sababbin kamfanoni takwas. Ɗaya daga cikinsu, Rocket Science Games, mai yin wasannin kwamfuta, ya tara jari na dala miliyan 35, jaridu suka yi ta yabonsa, amma wasannin ba su sami kasuwa ba, a 1997 kamfanin ya rushe. Wani kuwa da suka kafa a 1996, E.piphany, ya yi albarka ƙwarai. A 1999 Blank ya huta da kasuwanci, daga baya ya shiga koyarwa a jami'o'in Berkeley da Stanford.

To, mene ne ya koya wa ɗalibansa? Ya nuna musu cewa sabon kamfani dabam yake da tsohon kamfani. Tsohon ya san masu sayen kayansa, ya san farashin da za su biya. Sabon kuwa bai sani ba tukuna, zato kawai yake yi. Saboda haka aikinsa na farko shi ne ya gwada zaton nan tun kafin kuɗi su ƙare. A 2011 ya buɗe wani aji a Stanford inda ake tilasta wa ɗalibai su fita su sadu da masu saye kowane mako. A wannan shekara kuma Hukumar Kimiyya ta Amurka ta ɗauki tsarin don horad da masana, ana neman kowace ƙungiya ta yi hira da mutum 100 waɗanda ake zaton za su sayi abin da ta ƙirƙiro. Matambayi ba ya ɓata.

Sa'an nan sai maganar ciniki a ƙasashen waje. Kayan da suka karɓu a gida ba lalle ne su karɓu a wata ƙasa ba. Ku dubi kamfanin eBay, wanda ya shahara a Amurka wajen haɗa mai saye da mai sayarwa ta intanet. A 2003 ya mallaki kamfanin EachNet, wanda ke gaba a wannan harka a ƙasar Sin. A shekarar nan kuma Alibaba ya buɗe kasuwarsa mai suna Taobao. Shi eBay yana karɓar lada daga masu sayarwa. Taobao kuwa ya bar su su baje kayansu kyauta, ya ba su hanyar yin magana da mai saye kafin ciniki ya faɗa, ya kuma kawo Alipay, wanda ke riƙe kuɗi amana har kaya su isa hannun mai saye. Mutanen Sin suka koma Taobao. A ƙarshen 2006 eBay ya miƙa harkarsa ta can ga wani kamfanin haɗin gwiwa. Kuɗi yana da su, amma Taobao ya fi shi sanin halin mutanen ƙasar.

Saboda haka wanda zai kai kaya wata ƙasa, wajibi ne ya san abu huɗu: harshen mutanenta, da dokokinta na haraji da kwastan, da hanyar da suka saba biyan kuɗi, da kuma wanda zai gyara kaya in sun lalace. Ya nemi amintaccen wakili ɗan ƙasa, su rubuta yarjejeniya a kan la'ada. Ya kuma lura da canjin kuɗi, gama ribar wata shida tana iya narkewa idan kuɗin ƙasar suka faɗi.

Mu ma nan ƙofa a buɗe take. Kamfanin Paystack, wanda samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa a 2015 don karɓar kuɗi ta intanet, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. A watan Oktoba na 2022 kuma aka sa hannu a kan dokar taimakon sababbin kamfanonin fasaha.

Shawarata gare ku ita ce, ku fara da aiki ƙarƙashin wani, ku koyi sayarwa da riƙon lissafi. Kada ku karɓi kuɗin dangi sai kun sami mutanen da suka yarda za su biya. Wanda ya karɓa, ya gaya musu gaskiya cewa jarin yana iya salwanta. Wanda kuma Allah ya ba shi nasara, ya komo ya koya wa na baya.

Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka cikin nemanku. Wassalam.