Kalmar "Regel" ta Ibrananci: Ƙafa da Sawunta



Yau za mu tattauna a kan kalma ɗaya tak daga Ibrananci na dā, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi. Kalmar ita ce regel, wato ƙafa, ta kuwa fito fiye da sau 200 a cikin littattafan nan. Nufinmu shi ne mu nuna cewa wanda ya tsaya ga fassarar Turanci kaɗai yakan rasa abin da Bahaushe zai gane nan take.

Bari mu soma da nahawu. Tushen kalmar baƙaƙe uku ne, r, g da l, su ne kuma tushen rijl ta Larabci, domin g ta Ibrananci ita ce j ta Larabci. Kalmar tamata ce, kamar yadda ƙafa take tamata a Hausa. Ibrananci yana da siga ta musamman don abubuwan da ke zuwa biyu-biyu, irin wadda malaman Larabci ke kira tasniya, saboda haka ƙafafun mutum raglayim ne. Wannan siga ta kafu ƙwarai, har ko ƙafafu huɗu ake nufi, da ita ake amfani.

To, ina jam'i na sosai? Akwai shi, regalim, amma sau huɗu kawai ya fito, kuma ba a taɓa nufin gaɓar jiki da shi ba. A Littafin Fitowa 23:14 an umarci Isra'ilawa su yi idi regalim uku a shekara, a Littafin Ƙidaya sura 22 kuma jakar Bal'amu ta koka cewa an buge ta regalim uku. Ma'anarsa "sau" ce. Daga nan Yahudawa suka sa wa Idin Ƙetarewa da Idin Makonni da Idin Bukkoki suna shalosh regalim, idodin da ake takawa zuwa Urushalima.

Mai karatu da Turanci ba zai ga alamar ƙafa a wannan wuri ba. Mu kuwa da muke cewa "sau uku", muna kuma cewa "sawun giwa" da "bin sawu", mun san cewa da takun ƙafa muke ƙirga aukuwar abu. Sai dai mu yi hattara. Gaskiya ne Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya sa Hausa da Ibrananci cikin babban iyali ɗaya na harsuna, amma sau da regel ba tushensu ɗaya ba. Tunanin ne ya zo daidai.

Tushen nan ya haifi waɗansu kalmomi. Ragli shi ne mai tafiya a ƙasa, wato dakare. Meraggelim su ne 'yan leƙen asiri, masu yawo da ƙafa suna duba ƙasa, zargin da Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa ke nan a Farawa sura 42. Haka kuma "rufe ƙafafu" a 1 Sama'ila sura 24 sakaya zance ne, kamar yadda mukan ce mutum ya zagaya. Mai fassarar da ya bi kalma-kalma a nan zai sa mai karatu ya zaci Sarki Shawulu bargo ya shiga nema a kogo.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu aikin fassara na jiranmu, a ofis ko kotu ko gidan rediyo. Kafin mu ɗauki fassarar wani, mu nemi tushen kalma, mu dubi sigarta, sa'an nan mu tambayi harshenmu ko yana da irinta.  Allah ya ƙara mana sani.